Kushewar Baƙo: Labarin Makabartun Zango a Paraku da Jugu

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau shirinmu na faɗakarwa zai yada zango a arewacin Jamhuriyar Benin, a garuruwa biyu da fataken ƙasar Hausa suka sani tun kafin Turawa su shata iyaka. Na farko Paraku, babban birnin jihar Bargu. Na biyu Jugu, babban birnin jihar Donga, wanda tsofaffin fatake ke kira Zugu. Tsakaninsu tafiyar kimanin kilomita 135 ce. Batunmu kuwa shi ne makabartun baƙi: yadda aka fara su, su wane ne ke kwance a cikinsu, da abin da ke neman shafe su a yau. Sai a gyara zama.

Kafin a yi maganar kabari, sai an yi maganar hanyar da ta kawo mai kabarin. Hanyar nan ita ce hanyar Gwanja, hanyar goro. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi tsakanin Barno da Gwanja. A ƙarni na 18 da na 19 fataucin ya bunƙasa ƙwarai. Ayari kan tashi daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Gummi, ya haye Kwara ta wajen Gaya da Illo, ko ta Yawuri da Busa, ya kutsa ƙasar Bargu. Wasu su biyo ta Nikki da Paraku, wasu su gangaro ta Kandi, amma hanyoyi da yawa a Jugu suke haɗuwa. Daga nan sai a nufi Sansanin Mango ko ƙasar Kotokoli, a faɗa Yendi, a sauke kaya a Salaga. A tafiya ana ɗauke da kanwa, da baƙin yadi na marinar Kura, da jan fata, da gabu, da dabbobi. A dawowa kuma goro ne, wanda ake samowa daga kurmin Asante.

Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama, cikin ƙasar Bargu, a shekarar 1826. Ayarin na kan hanyarsa daga Gwanja zuwa Kano, kuma ya ƙiyasta mutanen cikinsa, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka. Wato gari guda ne ke tafiya da ƙafa. Akwai madugu, akwai jagaba da ke gaba, akwai uban dawaki, ga malamai, ga 'yan alaro, ga mata masu girki da nasu ɗan cinikin, ga yara masu kora jakuna, ga bayi. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Taron mutum dubu ba ya yin rabin shekara a hanya ba a yi rashi ba. Zazzaɓi na nan, atuni na nan, agana na nan, kurkunu kan kwantar da ƙato ya kasa taka ƙasa. Ƙasar Bargu kuma ta yi suna wajen 'yan fashi masu kibiya mai dafi, har ayari kan gwammace ya biya kuɗin fito da na rakiya da ya gamu da su. Goron ma ba ya barin a jira marar lafiya: kaya ne mai rai, kowane 'yan kwanaki sai an kwance huhu, an tsince ruɓaɓɓe da wanda ƙwaro ya huda, an sake ganye, an yayyafa ruwa. Kowace rana da aka ƙara a hanya, riba ce ke zubewa.

Idan ajali ya riski bafatake a tsakiyar daji, lamarin gajere ne. A yi masa wanka da ruwan da ya samu, a suturta shi, malamin ayari ya ja salla, a haƙa rami a gefen hanya, a rufe, a tara ƙaya da duwatsu a kai saboda kura. Kafin rana ta yi zafi ayari ya ɗaga. Damina ɗaya ta isa ta shafe wurin. Kayan mamacin kuwa amana ce a wuyan madugu da abokan tafiya har su sada ta da magada.

Idan kuwa a gari aka yi rasuwar, to magana ta sake, domin gari da masu shi.

Paraku ƙasar Bariba ce, masu kiran kansu Batonu. Sarkinta na riƙe da sarautar Akpaki, kuma yana ƙarƙashin inuwar babbar masarautar Nikki. Jugu kuwa ƙasar Yowa ce, waɗanda wasu ke kira Pila-Pila, fadar sarkinta na unguwar Kilir, kuma tarihin baka na danganta gidan sarautar da ƙasar Gurma. A garuruwan biyu Musulmi 'yan kasuwa sun zauna ne a unguwarsu daban. Waɗanda suka riga kowa su ne Wangarawa, masu sunayen zuriya irin su Ture, da Taraware, da Sise, da Fofana, harshensu na yau da kullum kuma Dendi. Har yau akwai unguwar da ake kira Wangara a Jugu. Shugaban wannan al'umma ta Musulmi yana da sarautar Baparape, shi ne tsani tsakanin baƙi da fada. Bafataken da ya iso daga Kano a gidan ɗayan waɗannan mutane yake sauka. Maigidan ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso.

To, a al'ummu da dama na ƙasar Benin, al'ada ita ce a binne mutum a gidansu, ko dab da gidan, kusa da iyaye da kakanni. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tsofaffin biranen Hausa ma manyan gidaje kan rufe nasu a cikin gida. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda shi kansa ya yi fataucin goro a Gwanja, da ya rasu a 1955 a gidansa na unguwar Sarari a Kano aka yi masa makwanci. Ɗan gari ke nan, yana da gidan kansa. Baƙon da ya kwana uku a zaure fa, a gidan wa za a sa shi? Maigidansa zai iya ba shi ɗaki, amma ba lalle ya ba shi gurbi a tsakanin kakanninsa ba. Masu ƙasa kuma suna da nasu hukunci game da inda ake haƙa rami da inda ba a taɓawa, kamar kurmin tsafi da wuraren da suke girmamawa.

Daga wannan matsala ce makabartar jama'a ke samo asali a zango. Dole a roƙi fili. Maigida ya kai magana wurin liman da shugaban unguwa, su kuma su ɗauki goro su nufi fada ko wurin mai ƙasa, a yi gaisuwa, a faɗi buƙata. A nuna musu wani yanki a bayan gari, yawanci inda ba a noma, a ce daga itacen nan zuwa tururuwar can naku ne. Babu takarda, babu sa hannu. Shaidu su ne waɗanda suka halarta, da goron da aka raba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Gaskiya ne ga wanda ya sauke kaya ya ɗauka. Amma ranar da ayari ya bar mutum ɗaya a ƙarƙashin ƙasar wani gari, an ƙulla abin da ba ya kwancewa. Baɗi ɗan mamacin zai biyo ayari, zai tambayi inda aka sa mahaifinsa, zai tsaya ya yi masa addu'a. Wata shekarar ya yi aure a unguwar. Wata shekarar ya ce ya gaji da hanya, zai zauna ya riƙa saukar da 'yan uwa. Idan tasa ta zo, wasiyyarsa ita ce a kai shi kusa da tsoho. Da haka masauki ke zama unguwa.

Masu ƙasa sun san nauyin wannan sarai, kuma ana ganin misalinsa har gobe a ƙauyukan da ke kan hanyar Paraku zuwa Jugu. A yankin Beteru, inda hanyar ta haye kogin Weme, manoma 'yan ci-rani daga tsaunukan Atakora da sassan Donga sun yi shekaru suna zuwa suna sare daji, suna kafa tunga, suna noman doya da masara da auduga. Sharaɗin da aka fi gindaya wa baƙon manomi shi ne ya shuka abin da zai girbe a shekara, amma kada ya dasa itace mai daɗewa irin yazawa ko mangwaro sai da izini, domin itace shaidar mallaka ce. Kabari ya fi itace daɗewa a zuciyar mutane. Shi ya sa ranar da aka yarje wa 'yan tunga su rufe mamacinsu a wurin, maimakon su ɗauke shi zuwa garinsu na asali, rana ce babba a tarihin wannan tunga, ko da babu wanda ya rubuta ta.

Tarihin Musulunci ma da irin wannan ya fara a Madina. Sahabi Usmanu ɗan Maz'un shi ne na farko cikin Muhajirai da ya rasu a can aka rufe shi a Baƙi'a. Ya zo a ruwaya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora dutse a wajen kan kabarin don ya riƙa gane shi, ya kuma rufe waɗanda suka rasu daga iyalinsa a kusa. Mutanen da suka baro garinsu, da kabarin ɗan uwansu na farko suka soma kafa makabarta a sabon mazauni.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne, muna magana a kan makabartun zango na Paraku da Jugu a Jamhuriyar Benin.

Bari mu matsa kusa mu ga aikin da kansa, domin bai sake sosai ba daga zamanin ayari zuwa yau. Da zarar an tabbatar da rasuwa, wani zai yanko kara ya auna tsawon mamacin, a aika wa masu haƙa. Ƙasar wannan yanki ja ce, mai tsakuwa, wani wuri da marmara a ƙasa. Da rani diga kan yi tsalle in ta sare ta, sai an zuba ruwa an jira ya tsuma, samari na karɓa-karɓa. Za a fara fitar da babban rami, sa'an nan a tsaga ƙarami a tsakiyarsa, daidai faɗin mutum a kwance ta gefe. A can gida an yi wanka, an sa likkafani, an ɗora a makara, an yi salla mai kabbara huɗu a tsaye. A kwantar da shi a kan gefensa na dama, kai kudu, ƙafa arewa, fuska na duban alƙibla. A jera itatuwa a bakin ƙaramin ramin, a toshe kafofi da ganye, a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zubo masa, sa'an nan kowa ya sa hannu a mayar da ƙasa. A ɗan tayar da ita kamar taƙi guda, a yayyafa ruwa, a yi addu'a, a watse. Sau da yawa wanda ya cika da asuba, kafin azahar an dawo daga rufe shi.

Abin lura shi ne babu suna. Mutanen wannan hanya mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajirai ke karantawa daga Kano har Jugu, ya karhanta yin gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Saboda haka alama ba ta wuce dutse, ko guntun tulu, ko reshen da aka kafa. Madugun da ya mallaki jakuna ɗari da yaron da ke kora su, tudun ƙasarsu iri ɗaya ne.

Su wane ne ke kwance a irin waɗannan wurare? Akwai Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano, da Kambarin Barebari na Gummi, rukunoni uku da suka fi shahara a fataucin goro, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 a kan wannan fatauci. Akwai Barebari, da Zabarmawa, da Nufawa, da Yarbawa, da Fulani masu kawo shanu. Akwai malaman da suka zo da allo da tawada suka buɗe makaranta a zaure. Akwai matan da suka rasu wurin haihuwa nesa da iyayensu. Akwai kuma bayi, domin Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma hanyar da ta ɗauki huhu ita ta ɗauki mutane a ɗaure. Da yawansu ko sunan da iyayensu suka raɗa musu ba a sani ba a garin da suka cika.

Jikokin waɗanda suka zauna kuwa, da yawa sun narke cikin gari. Sun auri 'yan ƙasa, harshensu ya koma Dendi, har ya zama in ka ce wa wani kakansa Bakano ne ko Bakatsine, sai ya ce haka ya ji tsofaffi na faɗa. Wata Bafaranshiya mai bincike, Denise Brégand, ta wallafa littafi a 1998 a kan Wangarawan Bargu da fataucin ayari, kuma irin wannan bincike ya dogara ƙwarai a kan abin da dattawan gidaje suka riƙe a ka.

A nan akwai abin dubawa. Wani likita Bajamushe mai yawon bincike, Ludwig Wolf, ya ratsa Jugu, zazzaɓi ya kashe shi a yankin Ndali, arewa da Paraku, a 1889. Clapperton da muka ambata ya mutu a Sakkwato a 1827. Waɗannan biyu an san shekarar mutuwarsu da wurinta, domin suna da masu rubuta musu. Dubban fataken da suka nuna wa irinsu hanya, suka ba su masauki da labari, tarihinsu na bakin jikoki da masu haƙar kabari kaɗai.

Daga baya hanyar goron ta mutu, ita ma. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kintampo da wasu garuruwa. A watan Nuwamba na 1894 Lugga, Baturen Ingila wanda daga baya ya zama gwamnan Arewacin Najeriya, ya riga wakilin Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki, kowa na neman sa hannun sarki. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta raba ƙasar Bargu biyu: Busa da Kayama suka faɗa hannun Ingilishi, Nikki da Paraku suka zama na Faransawa a cikin Dahome, haka ma Jugu. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan ya hau dogo. Jaki ba ya tsere da jirgi.

Sai dai baƙi ba su daina zuwa ba, sana'a ce ta sake. Dogon da ya taso daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, tsawon kilomita 438, kuma a nan ya tsaya. A wancan zamani duk kayan da za su wuce Nijar sai an sauke su a Paraku an ɗora wa manyan motoci, su bi ta Kandi da Malanbil su haye zuwa Gaya. Wannan ya jawo sabon ayari: direbobi da yaran mota, 'yan dako, mahauta, masu tsire, masu shayi, 'yan koli, dillalan shanu, daga Dogon Dutsi, da Ƙonni, da Tawa, da Maraɗi, da Sakkwato, da Kabi. Unguwar Zongo ta Paraku ta cika da irinsu. Mutuwar baƙo ma ta sake kama: haɗarin mota a kan kwalta, ko jinya a asibiti babu ɗan uwa a kusa. Abin da bai sake ba shi ne wanda nauyin ke kansa. In aka rasa dangi, shugabannin zango da liman da 'yan garinsu mamacin ne ke haɗa kuɗin likkafani, su yi masa sutura, sa'an nan a aika gida da labari. A da sai ayari ya koma ake jin rasuwa, matar ta fara takaba bayan watanni. Yau kafin a ɗaga makara an buga waya.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa wannan batu ya zama na faɗakarwa. Ƙidayar jama'a ta 2013 ta nuna ƙaramar hukumar Paraku da ta Jugu kowacce ta haura mutum 250,000, kuma tun daga lokacin ƙaruwa suke yi. Filin da aka nuna wa kakanni a bayan gari, yau gari ya zagaye shi ta ko'ina. Ƙasa ta yi tsada. Idan makabarta ba ta da katanga, abin da ke biyo baya sananne ne a duk garuruwanmu: mai gini ya ɗan ciyo taki biyu, maƙwabci ya mayar da gefe juji, masu babur ɗin haya, waɗanda ake kira zemijan a Benin, su fasa 'yar gajeriyar hanya ta tsakiya, awaki su yi kiwo. Damina a wannan yanki tana da ƙarfi, tana baje tudun kabari, ta haƙa kwazazzabo. Ciyawa ta fi mutum tsawo, da hunturu kuma a cinna mata wuta. Bayan shekara ashirin sai yaro ya tashi yana ganin fili ne kawai.

Makabarta na iya ɓacewa gaba ɗaya tare da garinta. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Karachi, ya rasu a can a 1934. Da aka gina madatsar ruwa ta Akosombo a Gana, a shekarun 1960, tafkin Volta ya haɗiye tsohon garin, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Shi Alhaji Umaru rubuce-rubucensa sun riƙe sunansa. Talakawan zangon da suka yi zamani da shi ba su da wannan gata.

Ta fuskar doka, kula da makabartu a Benin yana wuyan ƙananan hukumomi, wato ofishin magajin gari. Ƙasar ta yi sabuwar dokar filaye a 2013, ta kafa hukumar kula da filaye ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ANDF, kuma a 2024 gwamnati ta fito da sababbin ƙa'idoji na harkar jana'iza da binne mamata. Abin da wannan ke nufi ga al'ummar zango a fili yake. Kyautar da aka yi da baki da ƙwaryar goro shekara ɗari da suka wuce tana da daraja a wurin dattawa, amma ranar da rigima ta kai gaban hukuma, takarda za a tambaya. Jikan wanda ya bayar da jikan wanda ya karɓa ba lalle su tuna iyaka ɗaya ba. Maganin abin shi ne shugabannin unguwa da limamai su zauna da gidan da ya ba da filin tun ana ga-maciji, a kira ma'auna, a kafa turaku, a rubuta filin da sunan al'umma, ba da sunan mutum ɗaya ba, don kada wata rana ya shiga cikin rabon gado.

Bayan takardar fili sai ilimin da ke kan mutane. A kowace tsohuwar makabarta akwai dattijon da ya san ta ciki da bai. Shi zai ce maka nan layin gidan limamai ne, can Zabarmawa ne, wancan gefen an cika shi a shekarar annoba, kada a sara nan akwai mutum. Mutane ba su cika sanin darajar irinsa ba sai wani abu ya faru. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, masu haƙar kabari na Kano na cikin waɗanda suka fara faɗa wa duniya cewa mace-mace sun ƙaru a birnin, domin su ne ke ƙirga ramuka kullum. A Katsina kuma makabartar Ɗanmarna ta riƙe sunan waliyyin malamin da ya rayu a ƙarni na 17, har ta zama makwancin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Inda aka riƙe suna ɗaya, wurin duka kan tsira.

Aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Littafi guda mai kauri a hannun liman ko kwamitin makabarta ya isa a fara: sunan mamaci, sunan mahaifinsa, garinsu na asali, ranar rasuwa, da layin da aka sa shi. Wannan zai taimaki ɗan da zai zo daga Maraɗi ko Gusau bayan shekara goma yana neman kabarin uba. A riƙa karɓar takardar shaidar mutuwa a hukuma, domin ita ake nema wurin gado da sha'anin marayu. Dutse ko ɗan ƙarfe mai lamba a wajen kai bai saɓa wa abin da aka ruwaito game da kabarin Usmanu ɗan Maz'un ba, wanda yake shakka kuma ya tambayi malamin unguwarsu. A sa ranar gayya sau biyu a shekara, kafin damina a gyara magudanar ruwa, bayan damina a nome ciyawa da hannu maimakon a sa wuta. In kuɗin katangar bulo bai samu ba, shingen itatuwa ma iyaka ce. Masu haƙa kuma a san da su: diga da shebur na ƙarewa, su ma suna da iyali.

Matasa na da nasu rabon. Kusan kowane saurayi na da waya mai ɗaukar murya. A zauna da tsofaffi a tambaye su wa ya fara sauka a gidan nan, daga ina ya zo, wa ya ba da filin makabarta, wa aka fara rufewa. Kada a tsallake tsofaffin mata, musamman masu wankan gawar mata, domin su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa. A duba cikin tsofaffin gafakoki da akwatuna, sau da yawa malamai kan rubuta ranar rasuwar wani da ajami a gefen littafi ko a bayan takarda. Jami'ar Paraku, wadda aka buɗe a 2001, tana nan cikin gari, kuma ɗalibanta na neman abin da za su yi bincike a kai. 'Ya'yan zango da ke karatu a can su suka fi cancanta su fara.

Masu sauraro a Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Zariya, da Maraɗi, wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Gidaje da yawa na da kakan da aka ce ya tafi Gwanja bai dawo ba. In akwai irinsa a gidanku, ku tambayi dattawa sunansa da sunan madugun da ya bi da garin da aka ce ya tsaya, ku rubuta, ku ba yara su ajiye. Masu zuwa Paraku da Jugu da mota kuwa, in an sauke kaya an huta, a nemi limamin zango a gaisa, a tambayi hanyar makabarta, a shiga da sallama a yi wa na ciki addu'a, a kuma sa hannu a asusun gyaranta gwargwadon hali.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Allah ya jiƙan magabatanmu na gida da na hanya, ya kyautata namu zuwan. Wanda ke da labarin makabartar zangonsu, ko wata tsohuwar takarda da ta shafi wannan batu, ƙofar shirin a buɗe take.  

(Kiɗan rufe shiri)